Alhaji Kassimu Mai Atamfa da Allurar Maraɗi

An haifi Alhaji Kassimu a wani ƙauye da ke kusa da kufan Alkalawa, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, ni kuwa na riga shi zuwa duniya da damina ɗaya. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka mu taubasai ne, kuma al'ada ta ba kowannenmu izinin faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama ba tare da an kai ƙara gaban manya ba. Shi ya ci moriyar wannan izini fiye da ni. Ni sai yanzu, da na ajiye aikin koyarwa na sami takarda da lokaci, za ni karɓi nawa rabon.

Mahaifinsa fatauci yake yi da jakuna, yana kai hatsi arewa yana dawowa da kanwa da gishiri. Kassimu ya bi jakunan har ya balaga, sannan ya sayi keke, daga keke ya koma babur, daga ƙarshe ya kama shago a kasuwar Sabon Birni. Kanwa ba ta burge shi ba, domin kanwa kowa ya san ta. Abin da ya ja hankalinsa shi ne atamfa da shadda da turare, waɗanda yake saro su daga Maraɗi, domin a irin wannan kaya ne ake bambanta mai ido da marar ido.

Ido kuwa Allah ya ba shi. Na sha zama a bencin shagonsa ina kallon yadda yake duba turmin atamfa. Yakan fara da gefe, ya bi rubutun da ke jiki da farce, ya zare zare ɗaya ya ƙona da ashana ya sansana hayaƙin, sannan ya ɗora harshe a ƙuryar ƙyallen ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Idan ya buɗe ido ya ce «asali», magana ta ƙare. Idan ya ce «jabu», ko mai kayan ya rantse da kabarin kakansa ba ya ƙara kallonsa. Har daga Turba da Gatawa akan aiko a ɗauke shi ya duba kayan lefe kafin a kai gidan amarya, kuma an yi auren da aka ɗaga da wata guda saboda ya lasa zane ya girgiza kai.

A wurinsa kayan duniya iri biyu ne, asali da jabu, ba na uku. Jabu kuma yana da alamu waɗanda ya koya wa duk wanda ya zauna kusa da shi, ko ya nema ko bai nema ba. Araha alama ce. Canjin kwali alama ce. Amma babbar alama, wadda ya ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba cikin shekara arba'in, ita ce mai sayarwa ya cika bayani. Kaya na ƙwarai, in ji shi, a ajiye shi kawai a kan tebur a yi shiru.

Ciwon sukari ya kama shi yana da shekara hamsin da 'yan kai. Ya fara da ƙishirwa da yawan fitsari, ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Ya sha sassaƙe iri-iri, ya sha ƙwayoyin asibiti na wasu shekaru, daga baya likita ya ɗora shi a kan allurar insulin, sau ɗaya kowace safiya. Maganin yana zuwa ne a wata 'yar kwalba wadda ba ta fi babban yatsa ba, mai shuɗin murfi, ruwan cikinta garau kamar na rijiya. Katinsa a asibitin Isa yake, can yake zuwa duk wata ya karɓo. An gaya masa maganin ba ya son zafi, wutar lantarki kuwa a garinmu baƙuwa ce da ba ta faɗin ranar zuwanta. Sai matarsa, Hajiya Kubura, ta sami ƙaramin tulu ta zaunar da shi cikin babban kasko, ta cika tsakaninsu da yashi, tana jiƙa yashin safe da yamma, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma a kusurwar ɗakinta. Shekara takwas kwalbar tana kwana a wannan tulu, shekara takwas Alhaji yana cikin ƙoshin lafiya, kuma duk yabon ya tafi ga shuɗin murfi. Ban taɓa jin ya ambaci tulun ba.

A farkon bazarar da za ni ba da labarinta muka tafi Isa tare, shi don sukarinsa, ni don hawan jinina. Mai ba da magani a wurin wata matashiya ce, Radiyya, wadda na koyar a aji biyar, mai haƙuri da tsofaffi fiye da yadda tsofaffin suka cancanta. Ta gaishe mu, ta karɓi takardar Alhaji, ta miƙo masa kwali. Kwalin fari ne, ba irin wanda ya saba ba. Ya buɗe, sai ga kwalba mai koren murfi.

Ya ajiye ta a kan kantar ba da magani, ya tura mata da yatsa ɗaya.

«Ɗiyata, kin ɗauko na wani.»

«Naka ne, Baba Alhaji. An canza mana kamfani. Likita ya rubuta, yawan da kake yi bai canza ba.»

«To a maido mani nawa.»

Radiyya ta jawo kujera ta zauna, abin da ya nuna mini cewa ba shi ne na farko da ya tura mata kwalba a wannan mako ba. Ta ce masa magani iri biyu ne wajen yinsa. Akwai ƙwaya irin ta ciwon kai, wadda ake haɗawa kamar yadda ake buga bulo: in an sami ma'auni da mazubi, na kowane kamfani sai ya fito daidai da na wani. Insulin kuwa wasu ƙananan halittu masu rai ne ake kiwo a manyan tukwane, su suke yinsa.

«Baba, ai kana shan kindirmo,» in ji ta. «Na Hajo ta bakin tasha da na wata mata a Turba, duka kindirmo ne, duka suna dama fura. Amma ko ita Hajo, na jiya da na yau ba su zama ɗaya tak, don abu ne mai rai ke kama shi. Haka wanga magani. Wani kamfani ya fara yinsa, aka ba shi shekaru shi kaɗai. Da wa'adin ya cika, wasu suka kiwata nasu. Ba a bari su sayar sai an auna nasu da na farko, an gwada a jikin masu ciwon, an ga aiki ɗaya suke yi. Likitoci na ce masa bayosimila.»

«Mi ya sa ya fi araha?»

«Don na farko shi ya sha wahalar neman hanya. Na biyu ya tarar an riga an share ta.»

Ta ƙara da cewa ya riƙa auna sukarinsa kowace safiya cikin makonnin farko, in ya ga wani sauyi ya dawo, domin haka ake yi duk lokacin da aka canza irin wannan magani. Sannan ta kawo hujjar da na ɗauka za ta kama ɗan kasuwa. Ta ce jabu sunan wani yake sata ya manna a jikinsa. Wannan kuwa ga sunan kamfaninsa, ga garin da aka yi shi, ga lambar hukuma, bai ce shi ne wancan ba.

Ni dai a ganina bayanin ya cika, da a aji ta yi shi da na ba ta maki duka. Na juya ga Alhaji, sai na ga fuskarsa ta yi irin annurin mutumin da ya kama ɓarawo da hannu cikin aljihu. Ya fi araha, an canza kwali, ga kuma mai bayarwa ta yi bayani har da jawo kujera. Alamunsa duka sun hallara a kan kanta ɗaya.

«Allah shi yi maki albarka, ɗiyata,» ya ce, ya jefa kwalin a aljihu don kada ya kunyata ta.

A mota na ce masa, «Alhaji, yarinyar nan gaskiya ta gaya maka.»

«Hedimasta, kai da ka taɓa sayen agogon da ya tsaya kafin ka fita kasuwa, kai za ka koya mani kaya?»

«Agogo daban, magani daban.»

«Kaya kaya ne. Jabun da ya rubuta sunansa shi ne jabu mai wayo. Za ni Maraɗi.»

Shekara biyu ke nan rabonsa da hawa babur zuwa Maraɗi, tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga; direbobi yake ba saƙo su kawo masa kaya. Amma wannan saƙo ya ce ba wanda zai wakilta, domin direba zai iya karɓo kowace kwalba mai shuɗin murfi. Akwai kuma wani imani da ya daɗe a tsakanin fatakenmu, cewa duk maganin da aka rubuta da Faransanci ya fi wanda aka rubuta da Ingilishi ƙarfi. Ban san inda suka samo shi ba, tunda yawancinsu ba su karanta ko ɗaya daga cikin harsunan biyu. Ranar da 'yan kasuwa suke tafiya a ayari ya fito da tsohon baburinsa, ya ɗaure rawani, ya bi su.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, domin ya dawo yana ba da labarin da alfahari. Ya sami maganin a wani babban kantin magani, shuɗin murfi, rubutun Faransanci, ya duba kwali ta kowace fuska ya gamsu. Da yake ɗan kasuwa ba ya sayen abu ɗai-ɗai kamar ma'aikacin gwamnati, sai ya sari kwalba shida, na wata shida. Mai kantin ya jera masa su cikin wani ɗan akwati mai ƙanƙara, ya gargaɗe shi kada su ji zafi. Alhaji ya yi godiya, ya fito, ya zagaya bayan kanti ya zubar da ƙanƙarar.

Ba wauta ce ta sa shi haka ba, ƙwarewa ce. Duk wanda ya yi shekara arba'in yana ƙetara iyaka ya san cewa akwatin da ke ɗigar ruwa akwati ne da za a ce a buɗe, kuma kaya mai daraja ba a ɗaure shi a bayan babur inda kowane ido zai gani. Tun yana saurayi wani maƙeri ya yi masa wani ɗan rami na ƙarfe a ƙarƙashin kujerar babur, dab da inji, kuma duk babur da ya canza sai ya sa an yi masa irinsa. Turare mai tsada da sarƙoƙin mata duk ta nan suka shigo Sabon Birni, ba wanda ya taɓa gano wurin. A nan ya naɗe kwalaben shida cikin baƙar leda ya cusa. Suka taso da hantsi, a watan da ko ƙadangare ba ya tsayawa a kan dutse. Suka bi hanyar daji don kauce wa wani wuri da aka ce ba lafiya, suka tsaya sallar azahar a wani ƙauye suka bar babura a rana, ba su iso gida ba sai bayan la'asar.

Da ya cire takalmi a tsakar gida, Hajiya Kubura ce ta ga gefen ƙafarsa ta dama ya tashi bororo, daga ɗan ƙaramin yatsa har kusan idon sawu. Salansar babur ce ta ƙona shi. Bai san lokacin ba, domin ciwon sukari ya daɗe da rage masa jin ƙafafunsa. Ya ce ƙuna ce kawai, a shafa man kaɗanya.

Kubura ta miƙa hannu ta karɓi kwalaben don ta sa a tulu. Sai ya leƙa ya ga mai koren murfi tana zaune a ciki, domin ita ba ta zubar da abin da asibiti ya bayar. Nan take zargi ya shiga ransa cewa wata safiya za ta ɗebo masa daga koren ta ce daga shuɗin ne. Matar nan shekara talatin da biyar suna tare ba ta taɓa canza masa ko gishirin miya a ɓoye ba, amma mutumin da ya ƙware wajen gano ha'inci yakan gan shi ko inda babu. Ya kwashe kayansa ya kai shago, ya kulle su a akwatin ƙarfen da yake ajiye shadda mafi tsada, ƙarƙashin rufin kwano. Daga ranar a shago yake yi wa kansa allura kowace safiya, makullin akwatin kuma a ɗaure a tazugensa.

Ba a yi kwana goma ba ƙishirwa ta dawo. Butar da ke gefen bencinsa sai a cika ta sau huɗu kafin azahar. Idonsa ya fara yin hazo, har na ga yana kai turmin atamfa dab da hancinsa. Yana da 'yar na'urar auna sukari, wadda yake soka yatsa ya ɗiga mata jini. Wata safiya ya auna a gabana, lambar da ta fito ta ninka wadda likita ya ce kada a wuce har sau biyu.

«Ka gani?» na ce.

«Na gani. Na'urar ta lalace.»

«Kai ka saye ta da hannunka, ka ce mana asali ce.»

«Asali ma na tsufa, Hedimasta. Dubi kanka.»

«To ƙishirwar fa? Ita ma jabu ce?»

«Maganin ne ya fi ƙarfi. Na Faransa ne. Jiki bai saba ba, shi ya sa yake faɗa da shi.»

Na kawo masa tawa shawarar cewa mu koma Isa a duba shi. Ya ce in ya koma za su ce ya yi allurar kore, shi kuwa bai shirya mutuwa da jabu a jikinsa ba. Sai ya ƙara yawan allurar da kansa, ba da izinin likita ba, abin da zai iya kashe mutum da maganin yana da rai. Ban taɓa ganin marar lafiya mai biyayya ga maganinsa kamar Alhaji a waɗannan makonni ba. Bai tsallake safiya ɗaya ba.

A mako na biyar Hajiya Kubura ta zo gidana da hantsi, abin da ba ta saba ba. Bayan ta gaisa da iyalina ta durƙusa a bakin zaure.

«Malam, ƙafar ta fara wari. Yatsun sun yi baƙi. Ya hana ni gaya wa yara.»

«Ya yarda a kai shi?»

«Bai yarda ba. Amma yau ya kasa taka ta zuwa shago. In ka zo da mota ba ya iya guduwa.»

Haka kuwa aka yi. Na ɗauko direban da ke kai mu Isa, muka cicciɓe shi yana zagina da zagin da taubasantaka kaɗai ke halattawa. Kafin mu bar gari ya sa aka tsaya a shago, ya kwance makulli ya ba ni, ya ce in ɗauko masa kwalabensa, domin ba ya shiga asibiti ba tare da nasa maganin ba.

A asibiti likita ya kwance tsumman ƙafar ya duba ta da kyau. Daga nan ya ce ciwon ya ci yatsu biyu, yana hawa, kuma sukarin da ke jinin Alhaji shi ke ciyar da shi. In sukarin ya sauka cikin 'yan kwanaki, za a tura shi Sakkwato a cire abin da ya mutu a bar sauran. In bai sauka ba, daga ƙasan gwiwa za a yanke.

Alhaji ya ce a yi masa allura da nasa maganin. Aka kira Radiyya. Ta karɓi kwalba ɗaya daga cikin waɗanda ba a buɗe ba, ta duba kwali, ta duba murfi, sannan ta je bakin taga ta ɗaga ta sama. Ta yafito ni. Ruwan da ya kamata ya zama garau ya yi duhu-duhu kamar ruwan wankin shinkafa, da wasu ƙananan farare suna yawo a ciki, wasu sun manne a jikin gilashi. Ta ɗaga ta biyu, haka. Ta ɗaga ta uku.

«Baba, ina ka ajiye su?»

Ya gaya mata, tun daga ƙanƙara har akwatin ƙarfe, bai rage komai ba, domin har a lokacin yana ganin dabarar abin yabo ce.

«To ba su cuce ka ba a Maraɗi,» in ji ta. «Asali ne.»

Ya dube ni da ido ɗaya. «Ka ji ko, Hedimasta?»

«Amma zafi ya kashe shi, Baba. Wata guda ke nan ruwa kake yi wa kanka.»

Ta miƙa masa kwalbar. Ya karɓa ya ɗaga ta wajen haske, ya matso da ita, ya nisanta ta. Mutumin da ba ya karɓar zane sai ya ƙona zarensa ya lasa ƙuryarsa, ya yi makonni biyar yana tsotso wannan ruwa da sirinji kowace safiya bai taɓa kallon ruwan ba. Murfi yake dubawa.

Duk da haka bai sallama ba. Ya ce to a aika Maraɗi a sayo sabo, wannan karon da ƙanƙararsa. Likita ya ce ayari sai wani mako, ƙafa kuwa ba ta jiran ayari, kuma shi ba ya yi wa mutum mai hankali allura da ƙarfi.  Na buɗe baki za ni sake jero hujjoji, sai Hajiya Kubura ta riga ni. Tana zaune a ƙasa kusa da gado, ba ta ɗago kai ba.

«Alhaji, in sun yanke ta, ni za ni riƙa kai ka bayan gida. Za ni yi, ba za ni ƙi ba. Amma ka tuna bayana ba shi da lafiya.»

 Alhaji ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Sannan ya ce, «Hedimasta, ka zama shaida. Ban ce na yarda da shi ba. Tilas anka yi mani.»

«Na shaida.»

«In na mutu ka gaya wa mutane ba da idona na zaɓe shi ba.»

«Za ni gaya masu.»

Ya miƙa hannu, ya juya fuska wajen bango kamar wanda za a yi wa kaciya.

Don kada in ba wa kwalba ɗaya yabon da ba nata kaɗai ba, dole in faɗi cewa sun haɗa masa da ƙarin ruwa da wasu allurai da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma a rana ta uku sukarin ya sauko, a ta biyar baƙin ya daina hawa. Aka kai shi Sakkwato, aka cire ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da ɗan nama a gefe. Sauran ƙafar ta dawo gida tare da mai ita.

Yau shekara guda da rabi ke nan yana kan mai koren murfi. Na'urar aunawa, wadda aka yanke wa hukuncin tsufa, ta koma faɗin lambobin da likita ke so, kuma ba a sake zarginta ba. Ranar da ya fara komawa Isa karɓar magani ya tambayi Radiyya ko wannan ma za a canza shi wata rana. Ta ce mai yiwuwa ne, domin kamfanonin da ke yin irinsa suna ƙaruwa, kuma hakan ne ya sa mutanen ƙauye waɗanda a da suke tsallake wata ba allura yanzu suke iya samu. Ta ce in an canza za a gaya masa, za a sa ido a kan sukarinsa kamar yadda aka yi a wannan karon. Ya ce Allah shi kyauta, ya karɓi kwalinsa, bai tura mata da yatsa ba.

Babur kam ya rabu da shi, domin ƙafar dama ce ke taka birki, likita kuma ya hana. Yana zaune a shago, direbobi na kawo kaya. Wani maƙwabcinsa a kasuwa, Maliki mai sayar da takalma, shi ma aka canza masa zuwa koren murfi, ya zo neman fatawa wurin masanin kaya. Ina zaune a benci lokacin.

«Alhaji, wanga abu asali ne ko jabu?»

Alhaji ya gyara zama, ya yi tari, ya dubi hanya.

«Ban ce asali ba ne.»

«Jabu ne ke nan.»

«Ban ce jabu ba ne. Ka yi allurarka, Maliki, ka ba matarka ta ajiye maka. Kuma kada ka biyo ni da tambaya gaban Hedimasta.»

Da aka kira sallar la'asar ya jawo takalminsa. Sau-ciki yake sawa yanzu, bisa umarnin likita, kuma Hajiya Kubura takan cusa auduga a gefen na dama don ƙafar ta zauna daidai. Ya tura audugar da yatsa ta koma wurinta, ya sa ƙafa, ya ɗauki sanda, muka nufi masallaci. Yana ɗan ɗingishi, amma da ƙafarsa yake zuwa.